Ranar da Na Sa Hannu Ban Taɓa Ba

Dutse,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin sauka lafiya, an ba ki ɗaki, kin huta gajiyar mota. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Allah ya tsare ki a ƙasa, ya tsare ki a sama, ya haɗa ki da shugabanni masu tsoronsa.

Zan ba yayanki Kabiru takardar ya miƙa miki a tasha, da sharaɗin ba za ki buɗe ba sai kin isa. Tun azahar na rufe shago, na tura injin ban ruwan mutanen Miga gefe guda, na zauna rubutu. Sau biyu ina yaga abin da na fara. Magana ce da na so in faɗa miki baki da baki, amma duk ranar da na kira ki na zaunar da ke, sai in ɓige da tambayarki ko kin ɗinka jakarki.

Kin tuna shekarar da kika kawo mini takardar shiga makarantar soja, na riƙe ta mako uku ban sa hannu ba? Kin yi kuka, kin kai ƙarata wurin Baffa Sule a Kiyawa. Kowa ya ɗauka don ke mace ce, na kuma bar su a haka don ya fi mini sauƙi. Ba shi ne dalili ba. Yanzu da kika gama, aka zaɓe ki cikin masu koyon tuƙin jirgi, barci ya yi mini ƙaranci, abinci ma ba ya shiga sosai. Innarki tana cewa hawan jini ne. Tsoro ne, Ummi. Na shekara ashirin da ɗoriya ina gyaran jiragen soja, na san irin hannayen da ke taɓa jirgi kafin matuƙi ya shiga, domin ɗaya daga cikinsu nawa ne.

Ina sabon shiga aiki, a rumfar jirage, dokarmu ita ce duk yamma kowa ya ƙirga kayan aikinsa kafin a tashi. Kowace sifana tana da gurbinta a akwati. Wata rana na ƙirga, sifana lamba goma ba ta nan. Abin da ya kamata shi ne in faɗa, a hana kowane jirgi motsi har sai an gan ta. To amma wannan yana nufin mutum talatin ba za su tafi gida ba saboda ni, kuma a rubuta sunana. Sai na ari ta wani abokina na sa a gurbin, na rufe akwati, washegari na sayo wata a kasuwa. Bayan kwana biyu babbanmu, Samanja Bitrus, ya zura hannu cikin injin wani jirgi ya zaro ta, tana kwance kusa da inda iska ke shiga. Ya kira ni gefe, ya ɗora ta a tafin hannuna.

Ya ce, “Haruna, 'ya'yanka nawa?”

Na ce, “Ban yi aure ba tukuna, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “Wanda zai tashi da jirgin nan gobe yana da uku.”

Ya sa ni share rumfa mako guda, bai kai maganar sama ba. Alheri ya yi mini, Allah ya jiƙansa da ayyukansa, amma ni darasin da na ɗauka karkatacce ne. Na koyi cewa ana iya yin kuskure a rufe, kuma a kwana lafiya. Ke kada ki koyi wannan. Duk abin da kika ɓata, ki faɗa a ranar, da bakinki, kafin wani ya gano. Kunyar ranar za ta wuce. A aikinku abin da aka ɓoye ba ya zama a inda aka ajiye shi, tashi yake da mutane.

Akwai kuma wani abu da za ki same shi a wurinku, wanda a gida tarbiyya ne amma a bakin jirgi yana kisa. Mu an raine mu ba ma musu da babba. Ni ko ido ban taɓa haɗawa da kakanki ba. Na shiga soja, aka ƙara mini da cewa na sama ba ya kuskure. Ina kofur, wata safiya na ga mai yana tsatsafowa a gindin wani tiyo, ɗan kaɗan, kamar gumi. Matuƙin babban hafsa ne, ya riga ya sa hularsa, ana jiransa a wani gari. Na matsa na ce, “Yallaɓai, akwai ɗan abin da nake so in sake dubawa.” Bai ko juyo ba, ya ce, “Ni zan tuƙa ko kai?” Na ja da baya na sara masa. Jirgin ya tashi, ni kuwa na tsaya a rana ina kallon sama. Ba a yi minti ashirin ba ya dawo, fitilar gargaɗi tana ci, mai ya wanke gefen jirgin. Ya sauka lafiya, da ikon Allah. Bai neme ni ba, ni ma ban ce wa kowa na gani tun farko ba.

Ke yanzu hafsa ce. Mutanen da suka girme ki, wasu sa'o'ina, za su riƙa sara miki. Ki sani ƙaramin ma'aikaci ba ya zuwa ya ce miki kai tsaye jirgi ba shi da lafiya. Zai ce akwai ɗan abu, ko ya tsaya yana sosa ƙeya, ko ya ƙi barin gindin jirgin. Idan kika ga haka ki cire hularki ki tambaye shi, ki jira har ya gama magana. In ya tsayar da ke a banza, ki yi masa godiya a gaban mutane, don gobe ya sake tsayar da ke. In kuma ke ce ƙarama a cikin jirgi, kika ga na gaba da ke zai yi abin da bai dace ba, ki faɗa da ladabi, in bai ji ba ki sake faɗa da ƙarfi. Na san halinki, kin gaji kunyar Innarki. Wannan yana cikin abin da yake hana ni barci.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kina aji uku a firamare aka kai ni wani sansani da ake fama da faɗa a dajin da ke kewaye da shi. Jiragenmu masu saukar ungulu kaɗan ne, aikin kuwa ba ya ƙarewa: a kai abinci, a kwaso waɗanda aka ji wa rauni. Na kai saja a lokacin. Aikina shi ne in wani ya gama gyara a wuri mai haɗari, ni zan hau in duba a karo na biyu, in taɓa da hannuna, sannan in sa hannu a littafin jirgi. Ba don an raina mai gyaran ba ne, don kowa yana mantuwa ne.

Akwai wani matuƙi, Laftanar Isiyaku, ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Buji. Da ya ji ni ɗan Kiyawa ne sai ya daina ce mini Saja, ya koma Baffa. In ya je hutu ya dawo sai ya kawo mini dabinon Dutse a leda, mu zauna a inuwar rumfa muna maganar damina da shanun gidansu. Bai daɗe da aure ba. Ba ya shiga jirgi sai ya zagaya shi da ƙafa, yana shafawa yana leƙawa, har abokansa suna yi masa tsiya.

Ranar wata Litinin da safe aka kira ni daga gida aka ce kakanki ya faɗi a gona, an kawo shi asibiti Dutse, ba ya magana. Na nemi izinin tafiya, aka ce in jira a gama jirgin da ke hannu, domin akwai sojoji biyu masu rauni da za a ɗauko. Wanda ke gyaran abokin aikina ne, Kofur Danladi. Ya canza wani ƙarfe a ƙaramar farfelar wutsiya, wadda ke hana jirgin juyawa a sama. A wurin akwai noti, kuma bayan an ɗaure shi ana soka masa ɗan fil, a lanƙwasa bakinsa, don kada girgiza ta warware shi. Fil ɗin bai kai tsinken ashana biyu ba. Danladi ya ɗaure notin, kafin ya sa fil aka ƙwala masa kira, wani jirgin ya ƙi tashi. Ya sauko da gudu, da ya dawo kuwa a ransa ya gama. Kwana uku ke nan ba mu sami hutun kirki ba, ni da shi.

Ya ce mini, “Saja, an gama, saura kai.”

Na hau tsani. Ban kai ƙarshensa ba, na tsaya a matakala ta uku. Na hango noti a wurinsa, yana sheƙi. Raina yana Dutse, ina lissafin in na bar sansani kafin goma zan sami motar da za ta kai ni kafin magariba. Danladi kuma ban taɓa kama shi da kuskure ba. Matakala biyu suka rage in miƙa hannu in taɓa. Na sauko, na buɗe littafi, na sa hannu.

Isiyaku ya taho da sauri, an gaya masa ɗaya daga cikin masu raunin jini yana zubar masa. Ya fara zagayen da ya saba, ya kai tsakiyar jirgin, sai ya hango ni da littafi a hannu.

Ya ce, “Baffa, kai ka duba wutsiyar?”

Na ce, “Ni na duba, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “To shi ke nan. Na ji labarin Baba, Allah ya ba shi lafiya. Ka gaida gida.”

Ya shiga. Ko da ya ƙarasa zagayen, wataƙila ya gani, wataƙila bai gani ba, wurin yana da tsayi. Amma ni ne dalilin da ya sa bai ƙarasa ba.

Ina cikin mota, mun wuce rabin hanya, wayata ta yi ƙara. Jirgin ya ɗauko masu raunin, a hanyar dawowa ya fara juyawa a sama, ya faɗi a wata gona. Mutum biyar ne a ciki. Isiyaku ya rasu a wurin, da ma'aikacin jinyar da ya bi su, da ɗaya daga cikin masu raunin. Biyu suka rayu. Tun kafin mai kiran ya gama magana na san mene ne. Na sa direba ya tsaya, na sauka na tsugunna a bakin hanya, mutanen motar suka ɗauka amai ne ya taso mini. Na isa asibiti na tarar kakanki ya farfaɗo, yana shan kunu. Ya ƙara shekara shida a duniya bayan nan.

Abin da nake roƙonki a nan guda biyu ne, kuma da hawaye nake roƙo. Ki zagaya jirginki har ƙarshe, ko wa ya duba shi. Ko ni ne na dawo aiki na ce miki na duba, ki ce to Baba, ki ci gaba da zagayenki. Mutumin da kika fi yarda da shi ma yana da uba a asibiti wata rana. Sannan duk ranar da hankalinki ba ya jikinki, ko don gajiya, ko don wani labari daga gida, ki je ki faɗa a ba wani tuƙin. Za a ce mace ce, ta kasa. Su faɗa. Na riga na gaya wa Innarki da Kabiru, ko mutuwa na yi kada a kira ki da safe kafin ki tashi, a bari sai kin sauka.

Aka kafa kwamitin bincike. Sun tsinci ƙarfen a gonar, babu noti, babu alamar an taɓa sa fil. Aka kira ni gaban hafsoshi huɗu, babbansu ya ce, “Saja Haruna, ka duba?” Na ce na duba. A raina ina cewa ai ban yi ƙarya ba, na duba da ido. Ya ce, “Ka ga fil?” Na ce ina zaton na gani, wataƙila ba a lanƙwasa shi da kyau ba ne ya zame. Da wannan kalma laifin ya tattara ya koma kan Danladi. Aka kore shi daga aiki, da mata da 'ya'ya huɗu. Ni aka ja mini kunne aka mayar da ni rumfa.

Mutane suka yi ta ba ni haƙuri, suna cewa ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, Ummi, kwanan Isiyaku ya ƙare a ranar, babu mai ƙara masa. Amma ba za a tambaye ni kwanansa ba, matakala biyun nan za a tambaye ni. Kada ki yarda wani ya rufe miki baki da wannan kalma a inda sakaci ne, kada kuma ki rufe wa kanki.

Wata takwas na yi a haka. In na hau duba noti ɗaya sai in sauko in sake hawa har sau huɗu, yara suna kallona. Na rame, kin tuna hutun da na zo kika ce Baba wuyanka ya yi tsawo. Daga ƙarshe na gaya wa Innarki. Da na gama ta ce, “Malam, abincin da nake dafa wa yaran nan, na 'ya'yan Danladi ne.” Da na koma na nemi ganin shugabanmu, na faɗi komai, aka rubuta na sa hannu. Aka rage mini igiya, aka sallame ni kafin lokacina. Ku aka ce muku ciwon baya ne ya dawo da ni gida. Har yau mutanen unguwa suna ce mini Saja, ina amsawa, alhali ba da ita na fito ba.

Danladi ba a mayar da shi ba, domin shi ma da nasa kason. An dai gyara takardar sallamarsa. Na bi shi har garinsu, na same shi yana faci a bakin titi. Na durƙusa a gabansa, ya ce in tashi mutane suna kallo. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, “Saja, ni na manta fil, wannan nawa ne, da shi zan mutu. Ƙaryar da ka yi mini na yafe. Na mutum ukun nan kuwa ba ni da ikon yafe maka.”

Idan wata rana aka zaunar da ke gaban kwamiti, Allah ya kiyaye, ki faɗi abin da ya faru yadda ya faru, tun a zaman farko. Abin da suke nema shi ne kada ya sake faruwa ga wani. Wata takwas ɗin da na yi shiru, ba a gyara komai a yadda muke aiki ba, ana ci gaba da kiran mutum daga kan jirgi yana tsakiyar ɗaure noti. Sai bayan na yi magana aka hana.

Iyalan sauran biyun na nesa ne, na rubuta musu ta hannun ofis, ban sami amsa ba, ban kuma cancanci amsa ba. Mahaifiyar Isiyaku kuwa tana nan kusa da mu. Sau uku ina hawa babur in kai bakin ƙauyensu in juyo. A na huɗu na yi sallama. Tsohuwa ce 'yar siririya, na same ta tana ba awaki dusa. Aka shimfiɗa mini tabarma, na ce, “Inna, ni ne Haruna, wanda ɗanki yake kira Baffa.” Ta ce ta san sunan, yana yawan ambato na. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi, ko ya sha wuya. Na ce waɗanda suka rayu sun ce har ƙarshe yana kokawa da jirgin don ya kauce wa gidajen mutane, kuma ya kauce. Ta sa aka kawo mini ruwa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Da zan tafi ta ce in riƙa leƙo su. Tun daga nan duk ƙarshen damina ina zuwa. In na ce muku zan je Buji duba injin wani, can nake nufa.

Makon jiya na je. Idonta ya yi rauni sosai, da murya take gane ni. Muna cikin gaisawa na ce, “Inna, 'yata za ta tafi koyon tuƙin jirgi.” Nan take na yi nadamar faɗa. Can ta tambayi sunanki, na gaya mata. Ta ɗaga hannu ta ce, “Allah ya tsare ta. Allah ya haɗa ta da makanikin da ya fi ka.”

Na ce amin. Ban taɓa cewa amin da ta fito daga cikina kamar wannan ba, kuma ita nake maimaita miki bayan kowace salla.

Ban san da wane ido za ki kalle ni in kin zo hutu ba. Duk wanda kika zo da shi zan karɓa. In kin gama karantawa ba sai kin ce komai a kai ba, ki dai kira Innarki ki gaya mata kin isa, na san za ta yi ta share ɗakinki tana sakewa har sai ta ji muryarki.

Allah ya yi miki albarka, Ummi. Ya kiyaye tashinki, ya kiyaye saukarki, ya tsare waɗanda za ki ɗauka da waɗanda za ki bi ta kansu. Ya ba ki ido mai gani da bakin da zai iya cewa a dakata. Ya dawo mana da ke da ƙafafunki. Na bar ki a hannunsa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Haruna.